Igiyoyin Gwaggo Ungozoma

Rafi ne ya raba ƙauyenmu biyu. Ɓangaren nan akwai makaranta da hanyar mota, amma gidaje sun fi yawa a tsallake, a gindin dutse. Can ƙanwar babana take, wadda kowa ke kira Gwaggo Ungozoma. Shekara arba'in tana karɓar haihuwa. Ba ta san ko bihim ba, sai dai tana da tata dabarar: kowace shekara takan ɗauki sabuwar igiya, duk jaririn da ya faɗo hannunta ta yi masa ƙulli ɗaya. Igiyoyin na rataye a ɗakinta kamar na mai sayar da awaki. Mun sha yi mata dariya, ni ce ma kan gaba, wai ni malamar makaranta.

Da damina masu ƙidaya suka zo. Rafi ya cika, suka tsaya a bakinsa da takalmansu masu sheƙi, suka duba taswira, suka ce ai nan ƙauyen ya ƙare. Yara talatin da biyu suka rubuta. Bayan wata uku takarda ta iso cewa za a rufe makarantar, a mai da yaran wani gari mai tafiyar awa biyu a ƙasa. Na kai rajistar aji ofis, aka ce mun cika ta da sunayen bogi. Ranar na yi kuka don takaici.

Da wani jami'in ilimi ya zo karɓar makullan makarantar, sai ga Gwaggo ta tsallako, zanenta sharkaf, igiyoyin shekara bakwai a kafaɗa, iyaye da yara na biye da ita.

"Inna, igiya ai ba mutum ba ce," in ji jami'in.

"To zauna, ɗana, ka ga igiya ta amsa."

Ta kama ƙullin farko. "Na gidan maƙeri, wanda ya zo da ƙafa." Yaro ya fito yana sosa ƙeya. "'Yan biyun mai kifi, masu kukan tsiya." Suka fito, aka kwashe da dariya. Haka ta yi ta bi ƙulli bayan ƙulli, jami'in na rubutu har gumi ya keto masa. A igiya ta biyar ta iso wani ƙulli da aka naɗe da baƙin zare. Ya ɗaga biro, ta dafa hannunsa.

"Wannan kada ka sa. Jikana ne, kwana tara ya yi. Ba ya bukatar benci."

Ya daɗe yana kallonta. Daga nan bai ƙara ɗaga kai ya duba ko yaro ya fito ba, abin da ta faɗa shi yake rubutawa. Yara ɗari da goma sha huɗu aka samu.

Makaranta tana nan, har an ƙara mana aji uku da gada. A sabuwar taswira rafin ya koma tsakiyar ƙauye, inda yake tun kaka da kakanni. Na ajiye girman kai na je roƙon igiyoyin in rataye a aji.

"Kin gama dariyar?" ta ce, tana miƙo mini tsofaffin. Na kai hannu kan ta bana, ta make shi. "Bar wannan. Matar maƙeri watanta ya kama."