Hancin Kawu Mai Feshi

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya shekara ashirin da biyu yana yi wa mutane feshin maganin ƙwari a gonakin tumatir da barkono. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, igiyar tankin feshi har ta yi masa kanta. Abin alfaharinsa a duniya guda ne: hancinsa.

Sauran masu feshi da murfin kwalba suke auna magani. Kawu kuwa sai ya tuttula a ruwa, ya dama da kara, ya sunkuya ya shaƙa. In warin ya buge shi har ido ya kawo ruwa, to haɗi ya yi. Sau uku malamin gona yana ba shi takunkumi, Kawu yana cewa shi ba zai rufe ma'auninsa da tsumma ba. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta mayar da guda abin sauke tukunya.

A hankali ya fara ƙorafin kamfanoni sun lalace, magani ba ya wari irin na da. Sai ya riƙa ƙara hannu. Ciwon kai ya matsa masa, ya ce rana ce. Ranar da ya ƙone tumatir ɗin wani tela ƙurmus, rantsuwa yake yi cewa kusan ruwa zalla ya fesa.

Inna ba ta yi gardama da shi ba. Ta bari ya zauna ya ba kicin baya yana gyaran famfonsa, ta saki albasa ta babbake a mai, har maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Can Kawu ya ɗaga murya ya tambaya ko yau ba za a ɗora girki ba ne.

Ni na raka shi asibiti. Likitar ta sa masa auduga mai ƙarfin wari a hanci, ko gezau. Ta hana shi feshi, ta ce hancin zai iya dawowa, zai iya ƙi.

Wata biyar abinci yana masa kamar dusa. Ya koma cirar ciyawa, sanye da takalmin roba. Mukan kama shi a ɓoye yana shinshina sabulu, ɓawon lemo, har bayan akuya, mu yi kamar ba mu gani ba.

Wata rana da la'asar ya dawo, ya zauna a tsakar gida ya tuɓe takalmin. Sai ya tsaya cak. Ya ɗaga guda ya kai hanci, ya daɗe a haka.

"Uwargida," in ji shi, "wari yake yi."

Inna ta ce ita tun daga ƙofar gida ta sani.

Bai bar mu ba sai da kowa ya shaƙa ya ba da shaida.