Wankan motar Baba

Na tarar da Baba tsugune a bakin ramin gareji, babbar rigarsa na sharar ƙasa, yana leƙen ƙarƙashin jar motarsa mai ƙofa biyu. Motar ta girme ni, kuma a gidanmu na Tudun Wada ta fi ni gata.

Malam Sani mai walda ya danna ƙarfen ƙarƙashin motar, yatsansa ya shige.

"Alhaji, wa yake wanke ta?"

"Ni da kaina, kullum da safe, sannan in rufe ta da tamfol."

"A kan jiƙaƙƙiyar ƙasa? Ai kai ka kiwata tsatsar nan."

Na so yin dariya, sai na ga fuskar Baba. A hankali ya ce, "Za ta gyaru?"

"Za ta gyaru. Zan kankare, in yi faci, in shafa jan fenti da baƙin mai. Amma ka rage wankan."

Muna cikin keke za mu gida, Baba ya ce, "To da safe me zan riƙa yi?"

Tun da ya yi ritaya ban taɓa tunanin wannan ba. Ku masu tsofaffi a gida, da me suke cika safiyarsu?