Jerin Sunayen da Babu Nawa

Abokina na yarinta ya cinye mini aikin rani guda, ya ɗora sunansa a kai. Zancen ke nan, ba zan yi masa kwana-kwana ba.

Benci ɗaya muka zauna a firamare a Kurfi, zamanin da ake bi gida-gida ana kamo yara a kai su boko. Shi ya wuce har jami'a, yau Dakta ake ce masa. Ni a aji biyu na sakandare na tsaya, babanmu ya kwanta ciwo, gona ta rasa mai riƙe ta. Cikin shekarun tamanin na koyi tafireta a Dutsin-Ma, na kafa tebur ina buga wa mutane takardun koke da na cinikin fili. Tafireta ba ta san Hausa ba. In na gama shafi sai na ɗauki biro na bi kowace ƙ da ɗ da ɓ ina yi mata ƙugiya. Na yi shekaru a haka kafin in sayi tsohuwar kwamfuta, ita ma ba ta canza zani ba, ga cutar da take kwasa daga filashin mutane.

Wata rana da hantsi Dakta ya shigo shagona da faifan kwamfuta a aljihu. Ya ce wani tsari ne na tafiyar da kwamfuta, Linux ake ce masa, ba mallakar kowa ba ne, mutanen duniya suka gina shi kamar aikin gayya, kowa ya ɗauka kyauta, kowa ya gyara. Na ce ni abin kyauta da na sani ciwon kai ne. Ya yi dariya ya zura faifan.

Allon ya yi baƙi ƙirin, ƙananan rubutu fari suka dinga gudu sama. Na ce shi ke nan ya kashe mini hanyar abinci. Can sai ta buɗe tsaf. Ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce in danna maɓallai biyu tare. Sai ga ɗ, da ƙugiyarta, ba biro. Na yi ta danna ta har ta cika layi. Na kau da kai don kada ya ga idona.

A nan ya kama ni. Ya ce duk umarnin da ke ciki da Turanci yake, kuma masu abin suna karɓar fassara daga kowa. Al'adarsu, wai, duk wanda ya sa hannu ana rubuta sunansa a wani jeri cikin tsarin, ko a Makka aka buɗe za a gani. Ya ce boko ta cinye masa Hausa, tawa ce mai gishiri. Ya kawo mini takardu dami guda.

Ina da ɗan fili a bakin madatsar ruwan Zobe da nake noman rani, tumatir da albasa. A shekarar nan na bar wa maƙwabci, na duƙufa kan fassarar. Mai ɗakina sau ɗaya ta yi magana, ta tambaya ko kalmomin nan ana miya da su. Na ce ta yi haƙuri, za ta ga sunan mijinta a inda sunan ɗan Kurfi bai taɓa shiga ba.

Wata kalmar sai in kwana uku ina juya ta. Inda ake zubar da abin da aka goge na ce juji. Inda ake adana takardu na ce rumbu. Umarnin da ke mayar da kuskure baya ya fi ba ni wuya, sai da na tuna babanmu yana saƙar zana, in hannu ya kauce ya ce a warware. Na rubuta warware, na daɗe ina kallonta.

Bayan sallah Dakta ya aiko da sabon faifai, wai an karɓi aiki. Da hannuna na saka shi. Na je gida na taho da mai ɗakina, wadda ba ta taɓa taka shagon ba. Ba ta karatun boko, amma ta san siffar sunana, don tana ganinsa a katin asibitin yara. Na buɗe jerin. Sunansa a sama, ƙarƙashinsa mutum huɗu na jami'a. Na gangara ƙasa, babu komi. Ta ɗora yatsa a kan gilashin tana bi layi-layi.

"Malam, wanne ne naka?"

Na ce kwamfutar ce ta samu matsala. Ta gyara mayafi ta ce ta bar tukunya a wuta.

Da na neme shi, ya ce sai mai adireshin imel ake sawa, za a gyara a fitowa ta gaba. Fitowa ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Na ji an ƙara masa girma a wurin aiki. Ni ko kullum na kunna kwamfuta ina danna kalmomina, ba mai cewa ya san ni.

Damina biyu bayan haka mai ɗakina ta rasu. Har ta koma ga Allah ba ta sake tayar da zancen ba, kuma wannan ya fi ci mini rai.

Ran sadakar uku Dakta ya zo gaisuwa, ya zauna kusa da ni a tabarma. Da aka shafa fatiha ya sunkuyo ya ce abin nan yana ransa, cikin satin nan zai sa a shigar da sunana.

Ban rage murya ba, na gefe duk sun ji.

"Bar shi, Dakta. Mutum ɗaya nake so ta gani, kuma shekaranjiya muka kai ta. Riƙe jerinka. In ka gama addu'a ka tashi, akwai masu jiran wuri."