Yadda Aka Sa Ni Tsaron Sidi Bala

Duk wanda ya taɓa shan shayi a ɗakin kakanmu Sidi Bala a unguwar Ƙuba ta Madina ya kalli kaset ɗin nan, ko yana so ko ba ya so. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tuƙa wani injiniya Ba'amurke a matatar mai ta Yanbu. Wasu sun dawo da mota, shi ya dawo da kaset ɗaya na ƙwallon Amurka, wadda ƙattai ke sa hular kwano su yi ta karo da juna.

Ya san ƙarshen wasan, amma kullum sai ya tashi zaune ya yi wa ɗan wasan faɗa. "Kai mai lamba ashirin, jiya ma nan ya wuce ka!"

Baffa Usman ya taɓa cewa zai aiko masa da sabon kaset. Sidi ya ce, "Waɗannan ma ba su gyara kuskurensu ba, za ka ƙaro mini wasu?"

A wasan, mutum ɗaya ke jefa ƙwallo, wasu su ruga su cafe. Masu tsaro kuma hanya biyu gare su: ko su afka wa mai jifa kafin ya saki ƙwallon, ko su manne wa masu cafewa. Sidi na ɓangaren mannewa ne. Da kofunan shayi yake jera 'yan wasa a kan tire. "Bin mai jifa aikin masu zafin kai ne. Ka tsare mai cafewa, mai jifa ya rasa wanda zai ba."

Kakarmu Sitti takan ce, "Ni da ni ce, wuyan mai jifan zan kama, a huta."

"Shi ya sa ba a saka ki ba, Hajiya."

Shekarar da nake aji shida likita ya ce sukarin Sidi ya hau, ga ciwo a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. In bai bar dabino ba, za a yanke. Sitti ta bi tata hanyar. Ta je wa mai baƙala, kantin unguwarmu, da faɗa, ta gargaɗi mai lambun dabinon bayan gidanmu, ta hana Baffa Usman shigowa da leda. Sukari bai sauka ba.

Ni ba na magana a cikin mutane, ko an yi mini Hausa da Larabci nake amsawa, shi ma a hankali. Amma ina gani. Na ga aljihun jallabiyarsa na dama yana da tabo mai danƙo. Na ga tururuwa na layi zuwa kwalin kaset. Da na buɗe, ƙwallayen dabino ne cike. Kwana biyu ina jin nauyin faɗa, sai da na ga yana ɗingishi zuwa alwala, na kai wa Sitti kwalin.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "A Madina wa zan kama? Duk wanda ya yi masa sallama dabino zai miƙa masa."

Da la'asar ta kawo shayi ba sukari, ta zauna kamar ɗaliba. "Alhaji, sake yi mini bayanin nan na tsaro."

Sidi ya yi murna, shekara da shekaru yana jiran ranar. Ya jera kofuna. Mai tsaro ba ya surutu, ba ya kallon mai jifa, hannun mutuminsa kawai yake kallo, kuma ba ya barin taku biyu a tsakaninsu.

Sitti ta juyo gare ni ta ce, "Halas, na gane. Maryam, ga mutuminki."

Hutun zafi ne, lokacin ɗanyen dabino. Na bi shi baƙala, na bi shi wurin aski, na jira shi a ƙofar masallaci. Wani dattijo ya miƙo masa dabinon ajwa uku, na sa hannu na karɓa, na ce shukran, kaina a ƙasa don kunya.

Sidi ya ce, "Ya binti, ba ki da ƙawaye ne?"

Na girgiza kai.

"Littafi fa?"

Na ɗaga masa, yana ɗaya hannuna.

Wata rana ya nufi hagu kamar zai shiga layinmu, ya juya dama da sauri wajen lambu, da sandarsa da komai. Ya tarar da ni a bakin ƙofar. Ya tsaya yana haki, ya ce, "Wa ya koya miki?" Na ce, "Mai lamba ashirin." Dariya ta sa sai da ya zauna a kan dakali.

Bayan wata biyu yatsan ya warke. Ran da likita ya kwance bandeji, Sidi ya tara mu, ya jera kofuna, ya ce ya sake nazari. "Gaskiyar Hajiya ce. A riƙa bin mai jifa. Mai cafewa bawan Allah ne, a ƙyale shi ya sha iska."

Sitti ba ta yarda ba, an bar ni a kan aikina har aka koma makaranta.

Ya ƙara shekara huɗu yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yatsunsa goma cif. A watan jiya, a asibiti, ya roƙi dabino ɗaya. Sitti ta kalli likita, ta kalle ni. Ni na cire ƙwallon, na sa masa a baki.

Allah ya jiƙanka, Sidi, ya yafe maka, ya sa ka ci na Aljanna har ka ƙoshi. Amin.