Malamar da Ta Rufe Mana Rijiya

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe takan riga kowa isowa. Daga bakin shagona na walda nake hango ta tana hawo titi, jaka a kafaɗa, baho a ka kamar mai zuwa talla. A cikin bahon ba komai sai yashi da tsakuwa da curin yumɓu. Malamar labarin ƙasa ce a makarantar da ke bayan shagona. Katanga ɗaya ta raba mu, tagar ajinta kuma ba ta da marfi, don haka ni da ban yi nisa a karatu ba na daɗe ina shan darasi ba tare da an sa ni a aji ba.

Daga bakinta na ji cewa dutse ma yana cinyewa, ruwa da iska ne ke gwaguyar sa a hankali har ya zama yashin da muke takawa. Amma darasin da ta fi so shi ne na ruwan da ke ƙarƙashin ƙafarmu. Tana da wani akwatin gilashi. Sai ta shimfiɗa yumɓu a ƙasansa, ta zuba yashi a kai, ta tokare gefe ɗaya da bulo ya karkace. A gefen gangare ta soka bututun biro, ta ce wannan ita ce rijiya. A gefen tudu ta tsiyaya ruwan shuɗi. Yara su zuba ido suna kallon shuɗin yana rarrafe a cikin yashi, ya ci karo da yumɓu ya kasa wucewa, ya bi gangare. Sai ta zuƙo ruwa daga bututun da sirinji ta ɗaga sama.

“Wa ya zuba shuɗi a rijiyar nan?”

“Ba kowa, Malama!”

“To ta ina ya shigo?”

“Ta ƙasa!”

Makon jiya ta yi ritaya. Makaranta ta jera kujeru a ƙarƙashin rumfa saboda iyayen yara, kujerun suka wuni suna shan rana. Matar da ta koyar da rabin unguwar nan, aka rasa masu zuwa su ce mata sannu da aiki. Abin da ya sa nake rubutun nan ke nan, kuma raina a ɓace yake.

Laifinta ɗaya a wurinmu: ita ta sa aka rufe rijiyar layin ƙasa.

Unguwarmu a kan gangare take. A can sama akwai tashar mota, inda aka haƙa manyan masai masu zurfi saboda matafiya. A ƙasa kuma akwai rijiyar da Baba Mai Katako ya haƙa sadaka, don ladan ya kai ga mahaifiyarsa da ta rasu. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin wanda ya ce ya cuce shi ba. Ruwan rijiyar garau, sanyi kamar daga randa. Sai Malama ta lura da cewa duk damina yaran layin ƙasa ne ke daina zuwa aji, gudawa da amai, wani ya dawo ya rame, wani ba ya dawowa. Ta tsaya a bakin rijiya ta kalli tudu, ta ga akwatin gilashinta ne aka girke mata a fili. Ta ɗebi ruwan ta kai wa jami’an lafiya, ta yi ta sintiri har suka gwada. Sakamako ya nuna ƙazantar bayan gida na shiga rijiyar. Duba-gari ya zo ya ce a rufe, ni aka kira na liƙe murfin ƙarfe.

Ina cikin aikin Baba Mai Katako ya iso. Bai kula duba-gari ba, ita ya nufa.

“’Yar nan, me tsohuwata ta yi miki? Tana kwance a kabari za ki tsayar mata da lada?”

Ta durƙusa har ƙasa. “Baba, niyyarka ba ta da aibu. Ruwan ne ba shi da kyau.”

“Ruwan da nake sha? Dube ni, na mutu?”

“Kai babba ne, Baba. Jarirai ba su da ƙarfinka.”

Ya juya ya tafi. Tun daga ranar, in ta gaishe shi sai ya kalli wani wuri.

Daga nan unguwa ta sako ta a gaba. Ruwa ya koma sai an hau tudu zuwa famfon bayan kasuwa. Mata suka raɗa mata suna Malama Gangare. In ta iso layin famfo da bokitinta, domin ita ma a layin ƙasa take zaune, sai wata ta ɗaga murya: “Ku ba ta hanya, mai jin maganar ƙasa ta iso! Malama, yau me yashi ya gaya miki?” A kwashe da dariya. Ita kuwa ta ce, “Ya ce ki wanke bokitin nan naki, Yaya,” ta bi layi. Matar ƙaninta ta daina aiko mata yara. An sha watsa mata shara a ƙofar gida.

Ba zan yi ƙarya don in gyara ta ba, rufewar ta cutar da mutane. Akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo, ba ta da mai ɗebo mata ruwa. Wata rana bayan an ɗauke ruwan sama, tana saukowa da jarka, santsi ya kwashe ta, ƙugu ya karye. Har yau ba ta tashi ba. Malama takan kai mata ruwa ta share mata ɗaki, Gwaggo kuma ba ta taɓa sassauta mata ba. Maƙwabta suna jiyo ta: “Kin zo ganin aikinki? Ke kika karya ni, ’yar banza mai akwati.” Malama ba ta musu, sai ta gyara mata matashi ta ce, “Gwaggo, ɗaga in canja zanen.”

Wannan shi ne abin da ya daɗe yana cin raina. Cutar da ta jawo tana da suna, tana da ɗaki, ana iya zuwa a gan ta kwance. Alherin da ta yi kuwa ba a iya nuna shi da yatsa. Yaron da bai yi amai ba bai san an cece shi ba. Uwarsa ba ta san akwai likkafanin da ba a yanka ba. Yana can yana buga ƙwallo, wataƙila ma shi ne ke bin bayan Malama yana kiran Gangare. Na juya maganar nan ta kowace fuska, ban ga yadda za ta yi shiru ta zama mutuniyar kirki ba, ban kuma ga yadda za ta yi magana Gwaggo ta tsira ba. Ta zaɓi wanda za ta iya ɗauka, ta ɗauka ita kaɗai.

Mu kuma fa? Ramukan masai na tasha suna nan inda suke. Ba wanda ya watsa wa shugaban tasha shara, domin shi yana da ’yan kamasho masu ƙirar ƙarfe. Hukumar da ta san rufe rijiya ba ta san jawo mana famfo kusa ba. Muka bar mai ƙazanta da mai hatimi, muka huce a kan mace mai baho. Wannan ragwanci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Kwana biyu bayan ritayarta sai ga wasu magidanta a shagona. Babbansu, wani direba, ya ce, “Mai walda, ɗauko injinka ka yanke mana murfin can. Rijiya ta huta shekara da shekaru, ai ta wanke kanta.” Wai ta huta! Kamar ruwan zaune yake a tulu, ba tafe yake daga tudu kullum ba. Na ce mai rijiya yana raye, a je a tambaye shi.

Muka same shi a rumfar katako, ya tsufa, ji ma sai an ɗaga murya. Wani ya gaya wa Malama, ta biyo mu ta tsaya daga nesa. Direba ya ce, “Baba, albishir. Ladan tsohuwa zai ci gaba da gudana.”

Baba ya ce, “Jikokina nawa ne a layin ƙasa yanzu?” Sai ya ci gaba, “Da, duk damina sai mun kwana asibiti. Na lura mun daina. Ban gaya wa kowa ba, don ba na son ya zama ita ce da gaskiya.” Ya nuna ta da sanda ba tare da ya dube ta ba. “Har yau in na tuna ranar nan zuciyata zafi take yi. Amma rijiyar tawa ce, ba kuma za a buɗe ba sai an cike ramukan can na sama. Mai neman faɗa ya hau tasha.”

Ya shige ciki. Ko sannu bai ce mata ba. Abin da ta samu ke nan bayan duk waɗannan shekaru, ta kuma juya ta tafi kai wa Gwaggo ruwa.

Malama, ke ce kika san ƙasa ba ta jin kunyar kowa, kika faɗa, alhali kin san a layin za ki kwana. Ke ce kika bi layin famfo da masu zagin ki, ba ki taɓa cewa su gode ba. Na gode, a madadin waɗanda ba su san ana bin su godiya ba. Allah ya saka miki, ya ba Gwaggo sauƙi.

Ku kuma da kuka zauna a ajinta kuka amsa “ta ƙasa” da ƙarfi, yanzu kun zama direbobi da teloli da iyayen yara. Kun san amsar tun kuna ƙanana. Ta gama nata. Ranar Asabar da hantsi zan rufe shago in hau tasha neman shugabansu, kuma ba na son in isa can ni kaɗai.