Sautun da Surukina Ya Yo Daga Anacha

Surukina bai taɓa ɗaukar sana'ata a bakin komai ba. Mutumin Warra ne, yana da jirage masu inji da ke ƙetarar da mutane da albasa a tafkin Kainji, kuma a wurinsa aiki shi ne abin da ke fitar da gumi. Ni kuwa ɗan shago gare ni a Yelwa, da tsohuwar kwamfuta ɗaya da nake buga wa mutane takardu. A lokacin 'yan shekaru ke nan da aka ba mu jihar Kebbi, aiki yana samuwa. Amma in ya zo ganin 'yarsa, sai ya tambaye ta, ina zaune, ko har yanzu ina nan ina latse-latsena. Abin yana ci mini rai, nauyin suruki kuma ya hana ni cewa uffan.

Kwamfutar nan ta cika nawa. Maganinta ƙarin memori, wani ɗan siririn allo mai kama da mataji, jere da baƙaƙen ƙwayoyi, wanda inji ke ɗora aikin da yake yi a kai. Ba a samunsa a Yauri. Matata ce ta yi wa mahaifinta zancen, da ta ji zai tafi Anacha sayen kayan injin jirgi. Sai ga aike yana nemana.

"Malam, an ce wani ƙarhe kake biɗa," in ji shi. "Kawo tsohon in tahi da shi in gwada. Hakanan mu kan yi da kayan inji."

Wallahi na ji daɗi har cikin raina, don ranar ce ya fara tambayar abin da ya shafi aikina. Na ciro guda ɗayan da nake da shi, na naɗe a takarda, na rufe shago, na koma wurinsa. Na buɗe baki na ce, "Baba, akwai wata lamba a jikinsa..."

Ya ɗaga mini hannu. "Ni da nike sayen kayan inji tun ba a haihe ka ba?"

Na miƙa masa. Lambar nan tana ƙarshen rubutun da ke kan ƙwayoyin, kuma jinkiri take nunawa, wato ɗan lokacin da memori ke ɗauka kafin ya amsa in an kira shi. Ƙaramar lamba ita ce mai sauri. Babban allon da ake soka shi a ciki, madabod, yana da takunsa, kuma nawa ba ya jiran mai nawa. Sittin yake so.

Da surukina ya dawo, da ƙafarsa ya zo shagon, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a benci, ya zaro ƙullin hankici daga aljihu yana murmushi.

"Naka sittin anka rubuta. Na ce ma mai shagon, surukina ba shi aiki da ƙaramin inji. Ga tamanin nan, har biyu."

Na juya su a hannuna. A bakin ruwa inji mai ƙarfin doki arba'in ya fi mai ashirin da biyar, to mene ne laifinsa? Na tambaye shi tsohon memorin a hankali.

"Na bar mishi. Ai hakanan a kan yi, a ba da tsoho a ɗauko sabo."

Allah ya taimake ni babu wuta a ranar. Na durƙusa na yi godiya, ya sa mini albarka ya tafi.

Da wuta ta dawo na soka su. Injin ya tashi, na buga layi biyu, sai ya daskare. Na kashe na kunna, na sauya musu rami, na hure ƙura, duk a banza. Lokacin jarrabawa ne, malaman makarantu da suka kawo mini tambayoyi suka riƙa zuwa suna karɓe kayansu, suna kai wa mai tafireta. Na ce da matata zan gaya masa.

"Don Allah kada ka hwaɗa mishi," in ji ta. "Inna ta ce duk bakin ruwa ya ba da labari, wai shi ya gyara maka inji."

Na yi fushi da ita, na yi fushi da injin, na rasa wanda zan sauke wa.

Ranar kasuwa sai ga shi da wani abokinsa, ya kawo shi kallo. Fankar shago tana juyawa, babu halin in ce babu wuta.

"Tada shi mu gani, Malam."

Na kunna. Ya tashi, ya daskare a gabansu. Na sake, ya sake.

"Mi ya hwaru?" in ji surukina.

Na sunkuyar da kai. "Baba, a wannan harkar, ƙaramar lamba ita ta fi sauri."

Abokin ya kama kallon ƙasa. Surukina ya ce in ciro masa su. Ya naɗe su a hankicinsa, ya mayar aljihu, suka fita.

Daga baya wani direba ya samo mini mai sittin a Kano, shago ya ci gaba. Surukina bai ƙara zancen latse-latse ba, bai kuma ƙara taka shagon ba. In ya zo wucewa daga titi yake ɗaga hannu. Na sha zama ina fatan ya dawo da tsokanar nan da na tsana.

Bayan rasuwarsa, matata ta tarar da ƙullin a akwatinsa, cikin fulogan inji. Ta kawo mini, ta tambaye ni ko suna da amfani. Na ce mata a'a, na karɓa na sa a aljihu.