Sharar da Inno Ta Yi a Ɗakin Tarihi

Inno ta tsufa a sana'ar fure. Tun tana amarya take shuka taba a bayan ɗakinta a Daura, ba don ganyen ba, sai don furen da mata ke goga wa haƙora da goro su yi ja. Masu saye sun ragu, amma tsofaffin unguwa ba su daina aike ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ɗanta Sha'aban ya dawo daga wa'azi, ya tuge tabar kakaf, ya ƙone. Ko iri bai bari ba. Inno ta yi cigiya har Dutsi, ba ta samu ba, ga damina na matsowa.

Sai maƙwabciyarta Murja ta ce ta ga taba a wani zaure da wani tsohon malamin makaranta ya mayar ɗakin tarihi. Inno ta yafa mayafi ta tafi.

Jafaru mai gadin wurin ya nuna mata tsofaffin takubba, da gugan fata irin na rijiyar Kusugu, da duwatsu jere a kan kanta, kowanne da sunansa. Inno ta ce ba ta san dutse na da suna ba. A kusurwa kuwa, kusa da damin gero, ga busasshiyar taba an rataye, 'ya'yanta sun tsage.

"Ɗan nan, tsinko mini kai ɗaya."

"Iya, ba a taɓawa. Tarihi ne."

"Tarihin da na girma? Bara ma na shuka."

"Iya, aikina za ki ci."

Inno ta dubi ƙasa. Ƙura ta taru a ƙarƙashin tabar, ga ɗigo-ɗigo baƙi kamar garin masoro.

"To ƙasan nan ma tarihi ne?"

"A'a, wannan datti ne."

"Miƙo tsintsiya. Namiji dai bai iya shara ba."

Ta duƙa ta share kusurwar tas, ta ƙulle sharar a bakin zanenta. Jafaru ya yi godiya, ya ce ga ɓangaren duwatsu ma in da hali. Inno ta ce bayanta na ciwo.

A gidan Murja ta zuba sharar cikin fasasshiyar tukunya, inda Sha'aban ba ya shiga. Da ruwa ya sauka, gero ya fito, ciyawa ta fito, taba ma ta fito. Inno ta cire geron.